Farar Ƙasa a Kafaɗar Konadu

Nkoranza, ranar Talata

Sista Konadu tawa,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, irin wadda da a kwano ake zuba ta da ta malale ƙasa. Ya jikinki? Ya hannun, har yanzu yana miki tsami in hadari ya taso? Kakarmu Nana Dufie tana gaishe ki. Wofa Twumasi ma yana gaishe ki, duk da kin san gaisuwar kawun namu, sai ka ce yana karanta sanarwar jana'iza a rediyo. Kin ce kada in kira, kada in turo saƙon murya, rubutu kawai. To ga rubutu, ki yi haƙuri da shi. Kin san ni da makaranta tun tuni muka rabu, kuma babu wanda ya ja da wani, ko kotu ba mu je ba.

Na je inda kika aike ni! Na rufe shago, na bar wata da rabin kai a kitse, rabi a tsefe, tana ta zagina. Ofishin lauyoyin taimakon yana bayan kotun gunduma, daf da mai wake da shinkafar nan mai rowar taliya. Na zata zan tarar da wani ƙaton mutum mai tumbi, sai ga wata 'yar siririyar mata da tabarau, ta cire takalmi ta tura ƙarƙashin tebur. Lauya Boatemaa sunanta. Ina shiga na kwance mata komai: yayata ta auri Oduro a gargajiyance, daga baya suka je coci da rajista, ya karya mata hannu, yana kulle ta a ɗaki in zai tafi aiki, ta gudu tun kakar yazawar bara, yanzu so take a raba auren. Ban haɗiyi yawu ba sai da ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ƙanwata, numfasa mana. Ba za a rufe kotun yau ba."

Na ce, "Anti Lauya, haka Allah ya yi ni."

Ta yi dariya, sannan ta yi min bayani dalla-dalla. Wai hanya biyu ce. In an kai masa takarda ya ce ya yarda, bai ja ba, aka daidaita a kan komai, to abin ba ya daɗewa, alƙali zai saurare ku ya raba. In kuwa ya ja, ya ce shi yana son matarsa, to an shiga doguwa: shaidu, takardar asibiti, a ɗage, a dawo, a ce ku je ku gwada sulhu, a sake ɗagewa. Ta ce akwai wadda ta fara zuwa da goyo, yanzu yaron shi yake riƙe mata jaka.

Na ce ai Wofa ya ce zai mayar wa dangin Oduro giyar da suka kawo ta neman aure, shi ke nan magana ta mutu. Ta girgiza kai, ta ce mayar da giya na gida ne, auren rajista kuwa babu mai kwance shi sai alƙali. Sai na buɗe baki zan gaya mata inda kike, ta toshe kunnuwanta da yatsu kamar yarinya. Ta ce, "Kada ki faɗa min, kada ki faɗa wa kowa. Adireshin ofishin nan zan sa a takarda." Lambarta na nan a ƙasa, ta ce ke da kanki za ki kira ta.

Wani abu kuma, ban sani ba ko in faɗa. Na bi ta bayan gidanku ran Asabar. Sista, zannuwanki ne shanye a igiya, har da shuɗin nan mai zanen tsuntsaye. Maƙwabciyarku ta ce duk Asabar sai Oduro ya wanke su ya shanya, ya kwashe, ya ninke. Ni dai abin bai kwanta min ba, amma wataƙila kewa ce.

Ki ci abinci. Kada ki zauna da shayi kawai.

Taki har kullum,
Pomaa

*

Pomaa,

Na gode, na samu. Ina lafiya, hannun da sauƙi. Ki gaishe da Nana, ki ce ina yi mata addu'a.

Na yi magana da lauyar. Za ta shigar da ƙara, za a kai masa takarda. Ina fata ya ɗauki gajeriyar hanya, amma na san wanda na aura.

Ki daina bi ta bayan gidan. Zannuwan ba nawa ba ne yanzu, ya yi abin da ya ga dama da su.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ke da Wofa kaɗai kuka san garin da nake. Kada ki ɗora komai a waya da ya shafe ni, ko hotona na da, ko "ina kewar wata". Na ga abin da kika sa ranar haihuwata. Na san da zuciya ɗaya kika yi. Ki goge.

Allah ya tsare ki.

Yayarki,
Konadu

*

Nkoranza, ranar Litinin

Sista tawa ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na goge, na rantse na goge, har na kwana biyu ban ɗora komai ba, ƙawayena suna tambaya ko an sace min waya.

Zauna ki ji labari mai daɗi. An kai wa Akonta takarda! Afuwan, bakina ya saba, na san kin ce in daina kiransa suruki. Ma'aikacin kotu ya same shi a rumfarsa ta gyaran batir a tashar mota. Kowa ya zata zai yi hauka. Direbobi har sun matso za su riƙe shi. Sai ya goge hannu a wando, ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gode wa kotu. Har ruwan leda ya saya wa mutumin.

Jiya bayan coci Wofa ya ɗaura babban zanensa na zuwa taro, ya ɗauki kwalaben giyar aure, ni na riƙe masa lema da kujera, muka tafi gidan kawun Oduro. An yi gaisuwa, an zagaya ana musabaha daga dama, an ba mu ruwa, an tambayi abin da ke tafe da mu kamar ba su sani ba. Wofa ya yi jawabi mai tsawo har ƙafata ta yi sanyi. Da ya ajiye kwalaben a tsakiya, sai Oduro ya miƙe. Sista, ya rame. Wuyansa kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Ya durƙusa gaban Wofa.

Ya ce, "Wofa, na yi laifi, ba na musu. Ba zan wahalar da Konadu a kotu ba. Duk inda lauya ta nuna zan sa hannu. Abu ɗaya nake roƙo. A gaban dangi aka ba ni ita, a gaban dangi zan sake ta. Ta zo in shafa mata farar ƙasa a kafaɗa yadda kakanninmu suka yi, kowa ya shaida ba ni da sauran hakki a kanta. Ranar zan karɓi giyata, washegari in tafi kotu."

Tsofaffi duk suka gyaɗa kai. Wata gwaggonsa har da hawaye. Kawunsa ya ce, "Yaron nan ya yi magana irin ta manya." Muka dawo da kwalabenmu.

Yau da safe kuma sai ga Oduro a ƙofar shagona. Na riƙe almakashi ta baya. Ya tsaya daga waje, bai shigo ba.

Ya ce, "Akonta ƙarama, har yanzu kina cinye kuɗin kitso a data?"

Na ce, "Har yanzu kana bin mutane da warin batir?"

Ya yi dariya irin ta da, lokacin da yake zuwa zance yana kawo mana tsire. Ya ce in gaya miki ba ya riƙe da ke a zuciya. Ya ce minti kaɗan ne, a shafa, a tafa, ki koma inda kika fito, ba zai ma tambayi ko ina ne ba.

Na kira Anti Lauya na gaya mata. Ba ta yi murna yadda na zata ba. Ta ce kotu ba ta buƙatar farar ƙasa, in da gaske yake ya fara zuwa ya sa hannu, al'ada ta biyo baya. Na gaya wa Wofa, ya ce lauya ba ita za ta zauna a garin nan da mu ba.

Ni dai ban sani ba, Sista. Ina ganin doguwar hanyar nan ina ganin matar da ɗanta ke riƙe mata jaka. Ga kuma kewarki. Da kin zo da na daka miki sakwara da miyar gyaɗa, ki ci ki koma.

Ga hoton wasiƙar Wofa nan na ɗauka, ya ƙi yarda in buga masa a waya, wai magana mai nauyi ba ta tafiya a kan gilashi.

Taki,
Pomaa

*

Zuwa ga 'yar ƙanwata, Konadu,

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu.

Tun rasuwar mahaifiyarku nauyinku yana wuyana, kuma ban taɓa kai ku inda za ku cutu da sanina ba. Lokacin da kika bar gidan mijinki ban ce ki koma ba. Na karɓi maganganun mutane na haɗiye. Yanzu ni nake neman abu a wurinki.

Ni na karɓi giyar aurenki da hannuna a gaban gidaje biyu. Muddin ba a shafa miki farar ƙasa ba, ko alƙalai goma sun buga hatimi, a idon garin nan ke matar Oduro ce. Babu ɗan mutunci da zai zo neman aurenki. In kika haihu, za a yi ta magana a kan ɗan. In ta Allah ta kasance, shi za a kira ya tsaya a kan gawarki a matsayin miji, mu kuma mu zauna muna kallo. Kakarki ta daina zuwa zaman makoki saboda tambayoyin mata.

Mutumin nan ya durƙusa, ya amsa laifinsa a bainar jama'a. Kawunsa ya ba ni kalmarsa. A tsakar gidanmu za a yi, ba nasu ba, da rana tsaka, ina zaune a damanki. Wane ne zai ɗaga miki hannu a gabana?

Mun sa Asabar ta ƙarshen wata. Kada ki sa in ji kunya a gaban mutanen da na girma tare da su.

Ina sa miki albarka.

Kawunki,
Twumasi

*

Pomaa,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙar Wofa sau da yawa. Ban yi barci sosai ba tun ranar.

Na yi rantsuwa hannun mutumin nan ba zai sake taɓa jikina ba. Amma na gaji, Pomaa. Na gaji da waiwaye in na ji babur a bayana. In minti kaɗan za su saya min sauran rayuwata, wataƙila in daure. Na nemi izini a wurin aiki, na ce ina da taron dangi.

Kafin nan ki yi min abu ɗaya. Ki tambayi Nana, ita kaɗai, ba a gaban Wofa ba: dole ne mijin da kansa ya shafa? Ina tuna wani abu tun muna yara, lokacin rabuwar Anti Fosuaa, amma ban tabbata ba.

Ki gaya wa Wofa ina gaishe shi da ladabi, kuma ina tunani.

Konadu

*

Nkoranza, ranar Laraba

Sista,

Gaisuwa. Yau ba ni da wasa a baki, ki karanta a nutse.

Na tambayi Nana tana ɓare rogo. Ta ce, "Wa ya ce dole? Lokacin Fosuaa mijin yana can yana aikin koko a kudu, ƙanen uwarsa ne ya shafa mata, kuma ta yi aure ta haifi biyar. Hannun dangi ake nema, ba hannun mutum ɗaya ba." Ta ce kuma farar ƙasar tsohuwar gida ce take fito da ita, busasshiya, a ɗan kasko, a buɗe, kowa yana gani. Har ta nuna min nata ƙullin a ƙasan akwati.

Na ji daɗi, na ce an samu mafita. Ban jira kowa ba na ruga tasha. Na san za ki yi faɗa, yi haƙuri. Na tarar da rumfar Oduro kusan wayam. Injin cajinsa babu, bencin babu. Mai facin taya na gefe ya ce ya rabar da kayan aikin, ya ba wa wani babur ɗinsa, karen ma ya kai wa gwaggonsa ƙauye. Na ce tafiya zai yi? Ya ce shi ma ya tambaye shi, ya amsa masa da cewa bayan Asabar ba zai buƙace su ba.

Ina tsaye sai ga shi. Na yi ƙarfin hali na ce, "Akonta, albishirinka. Nana ta ce ba sai ka wahalar da kanka ba, kawunka zai iya shafawa a madadinka."

Sista, kin san yadda fuskarsa take yi. Ba ya ɗaure ta, sakinta yake yi, ta zama kamar ba kowa a ciki. Ban taɓa gani ba sai yau. Yau na gane abin da kika daɗe kina gani ke kaɗai.

Ya ce, "Kawuna ne ya aure ta?"

Na ce a'a, amma al'ada ta yarda.

Ya ce, "Da hannuna. In ba haka ba mu haɗu a kotu, in ce ina son matata, mu tsufa a can tare."

Na ce to ai shi ke nan, Nana ma ta tanadi farar ƙasar. Ya ce a ce wa Nana ta huta, ya riga ya tanadi tasa, zai kwaɓa ta a gida ya zo da ita. Sai ya yi murmushi ya tambaye ni wai har yanzu kina raba gashinki ta hagu.

Na dawo gida. Na gaya wa Nana. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Namiji ba ya zuwa da tasa. Kuma ba a kwaɓawa a ɓoye." Na gaya wa Wofa, ya ce mata da tsoro, mutum ya rabar da kayansa don zai bar gari saboda kunya, wannan ma laifi ne? Ya ce in na kuskura na hana ki zuwa, in nemi wani kawun.

To na nemi wani kawun. KADA KI ZO. Ko kin sayi tikiti ki yaga. Na fi son in yi shekara goma ina riƙe miki jaka a kotu. Anti Lauya ma ta ce kada ki taka garin nan, kuma za ta nemi kotu ta hana shi kusantarki, amma ta ce takardar sai ta bi layi.

Ki amsa min ko da kalma ɗaya ce. Ina riƙe da waya.

Pomaa

*

Pomaa,

Na ji. Ba zan zo ba. Kada ki faɗa wa kowa kafin ranar, ko Nana. Ki zauna nesa da shi.

Konadu

*

Nkoranza, Asabar da yamma

Sista, ina gaishe ki, ina gode wa Allah da ba kya nan. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi komai, a'a, ki fara haɗa kayanki kina karantawa.

An taru tun hantsi. An jera kujerun roba a tsakar gida, danginsu a hagu, namu a dama, kwalaben a kan tebur. Nana ta fito da ɗan kaskonta duk da haka ta ajiye. Oduro ya zo cikin farin zane sabo fil, an yi masa aski. Yana riƙe da kwanon roba mai murfi, ya naɗe shi da tsumma. Gwaggonsa ta miƙa hannu za ta karɓa ta ajiye a tebur, ya ce a bar shi. A kan cinyarsa ya ɗora, hannu biyu a kai.

Aka yi ta jira. Duk motar da ta tsaya a titi sai ya ɗaga kai. Wofa yana ta duba agogo yana aiko min harara. Rana ta take, tsofaffi suka fara hamma, wani ya ce ko motar ce ta lalace. Da na ga abin ya isa sai na miƙe na ce, "Ku yi haƙuri iyayena, Sista ba za ta zo ba. Ta ce a haɗu a kotu."

Wuri ya kaure. Kawun Oduro ya miƙe yana buga sanda, ya ce, "Twumasi, ka tara mu ka mai da mu yara? Gidan da ba a jin maganar kawu gida ne?" Wofa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Gumi har cikin idonsa. Ni ban taɓa ganinsa haka ba, tausayinsa ma ya kama ni. Sai ya ce, wai don ya wanke kansa, "Ba a fasa ba. In ita ba ta zo wurin al'ada ba, al'ada za ta je wurinta. Ni da kaina zan jagorance ku. Takoradi ce, ba bayan duniya ba. Tana aiki a gidan renon yaran cocinmu da ke kusa da babbar kasuwa."

Na yi ihu, "Wofa!" Amma maganar ta riga ta fita.

 Da Oduro ya ji sunan garin sai ya miƙe a hankali, ya ce, "Na gode, Wofa. Kada ku wahalar da kanku." Ya nufi ƙofa. Nana ce ta tare shi, tsohuwar nan da ba ta kai kafaɗarsa ba. Ta ce, "Ɗana, bar mana farar ƙasar mu gani." Ya kauce, ta kama tsumman, kwanon ya karkace, murfin ya ɗan buɗe. Kaɗan ne ya zuba. Ya sauka a siminti yana kumfa yana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, wani ya fantsama a gefen zanen Wofa. Warin ya bugi kowa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta rumfarsa ya san warin ruwan batir.

Babu wanda ya motsa. Mutum sama da ashirin, Sista, har da ƙarti, kowa ya daskare yana kallon siminti. Kafin a farga ya danne murfinsa ya fice da sauran.

Nana lafiya, bai taɓa ta ba, na wanke mata hannu da ruwa mai yawa duk da haka. Samari sun bi shi gida, ƙofa a buɗe, ba ya nan. Mun je wurin 'yan sanda ni da Anti Lauya, sun rubuta, sun ce za su sanar da na can. Mai sayar da tikiti a tasha ta ce ta ga mai farin zane ya shiga motar Kumasi da leda a hannu. Daga Kumasi kin san motocin garinku ba sa yankewa.

Wofa yana zaune a inda muka bar shi. Zanen ya huje a wurin, ramuka ƙanana kamar ɓera ya ci. Yana ta sa yatsa a ciki yana fitarwa. 

Na kira ki ya fi a ƙirga, na karya dokarki, ba kya ɗauka. Na ga alamar saƙona ya shiga amma ba ki buɗe ba. Kada ki koma ɗakinki. Kada ki je coci gobe. Sista don Allah ki buɗe wayar nan.

Pomaa

*

Ƙanwata Pomaa,

Ina gaishe ki. Na gani, ina cikin mota nake rubuta miki. Wayar tana cikin jaka ne ina wanke yara. Na fita ta ƙofar baya da kayan jikina.

Na yi magana da lauya. Doguwar hanya za mu bi. Ta ce abin da ya faru a tsakar gidanmu shaida ne, za a nemi ke da Nana ku faɗi abin da kuka gani. Ki riƙe mata hannu ranar, ba ta taɓa shiga kotu ba.

Ki ce wa Wofa ban riƙe shi ba. Amma ba zai san inda zan sauka ba. Ke ma haka, Pomaa. Ba don ban yarda da ke ba. Ke ce kika tsayar da ni. Sai dai abin da ba ki sani ba, babu mai durƙusawa ya roƙe shi a wurinki, babu mai tsare ki a hanya ya karɓa.

Zan cire layin nan in mun tsaya shan mai. Duk abin da ya zama dole, ta hannun lauya. Ki riƙa rufe shago da wuri, ki daina tafiya ke kaɗai har sai an kama shi.

Na san shiru yana miki wuya fiye da kowa a duniya. Ki daure min. Muddin ba ki ji komai ba, ina raye.

Yayarki mai ƙaunarki,
Konadu